Kwanon Rufin Ɗakin 'Yata

Kuɗin ɗinkin da 'yata ta tara sun ƙi kai ginin ɗakinta ga rufi, ga damina ta matso. Ɗan kwangilar da ke mata ginin ya ce kwano ya yi tsada, sai ta ƙaro. Ya kuma hana ta zuwa shago, wai mata ba su san ƙarfe ba.

Ni kuwa na san matar mai shagon, bakinta ba ya riƙe magana. Na je mata barka da sababbin kujeru, kafin in shanye ruwa ta zazzage min komai. Ashe littafin rasidi biyu ne da mijinta: ƙarami na gaskiya, babba na masu gida, wanda ɗan kwangila ke faɗin abin da za a rubuta.

Washegari na dira a shagon. "Ɗana, kwano bandir biyu. A ƙaramin littafin za ka rubuta min." Mai shagon ya jawo ƙaramin, ya rubuta.

Da aka sauke kayan, ɗan kwangila ya ƙwanƙwasa ɗaya. "Haba Iya, an cuce ki! Wannan ai takarda ce."

"Na abokinka mai shago ne, irin wanda ka ce za ka kawo. Hau ka buga."

Ya ce sai dai ya ajiye aikin. Na jawo bulo na zauna. "Ajiye mana. Duk gidajen da kake wa gini na san ƙofarsu, kuma ƙafata lafiya lau."

Ya aika a kawo tsani.