Kusoshin Salansa

Ƙas! Ƙarar ta riga Ƙarami shiga gareji. Ya tsaya a bakin ƙofa da sabon gaskit na bakin salansa a hannu, ya ga mahaifinsa durƙushe gaban babur ɗin gidan burodi, ya zura wa sifana dogon bututu yana ja da iya ƙarfinsa. Noti ya faɗo ƙasa yana gangarawa, da guntun kusa a cikinsa.

"Baba!"

"Ruɓaɓɓen ƙarfe ne," in ji tsohon, bai ko waiwayo ba. "Ɗayar ma haka ta yi."

Ƙarami ya durƙusa ya leƙa. Kusoshi biyun da ke riƙe bakin salansa a jikin inji duk sun karye. Ta sama ta bar ɗan tsini a waje, ta ƙasa kuwa ta guntule can cikin rami. Da safe shi da kansa ya jiƙa su da man birki don tsatsa ta saki, ya ce kada kowa ya taɓa sai ya dawo daga kasuwar kayan gyara. Kowan nan kuwa mutum ɗaya ne, don su biyu ne kawai a garejin. Abin da ya fi ƙona masa rai, da idonsa ya ga inda tsohon ke jan sifanar. Ɗaurewa yake yi, ba kwancewa ba. Mutumin da ya koya wa rabin bakanikan layin nan aiki!

Ƙarami ya ajiye gaskit ɗin a gefe.

"Sannu da aiki, Baba," ya ce, haƙora a cije. Ya miƙe ya kai wa galan ɗin baƙin mai shuri, man ya malale a kan takalminsa.

Tsohon ne ya buɗe garejin tun Ƙarami bai iya tafiya ba. Yanzu furfura ta fara cin gemun Ƙarami, 'ya'yansa sun tasa, amma har yau duk layin Ƙarami suke ce masa, saboda Babban, wato mahaifinsa, yana nan. Sau nawa ya roƙe shi ya zauna a gida ya huta? Yayarsa ce kullum ke tare shi: "Ka bar shi. Ran da ka raba shi da sifana, ran nan ka binne shi." Ita tana can gidanta. Shi ke kwasar ɓarna.

Ya tura babur ɗin zuwa rumfar maƙwabcinsa mai walda, wanda ake kira Tartsatsi. Tsohon ya biyo shi a baya yana goge hannu da tsumma.

Tartsatsi ya ɗaga baƙin tabaransa ya leƙa, ya yi fito. "Kai! Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Walda kake yi ko tambaya?"

"Allah ya huci zuciyar Ƙarami. Daga tambaya sai cizo?"

Ƙarami ya cire wayar batir, ya kankare tsinin kusar sama da burushin ƙarfe, ya ɗora sabon noti a kai ya riƙe da filaya. Tartsatsi ya cika cikin notin da walda har ya yi ja zur. Suka jira ya huce. Ƙarami ya sa sifana ya murɗa, notin ya ɓalle ya bar kusar tana nan daram.

"Waldarka ta banza ce!"

"Ƙarfenka ne duk datti. Sake kankarewa."

Suka sake, ya sake ɓallewa. Da suka kuma, sai ya kama. Ƙarami ya riƙa murɗawa kaɗan, ya mayar kaɗan, yana ɗiga mai, kusar tana kuka ƙiii kamar tsohuwar ƙofa, har ta fito baƙa ƙirin, ta tsuke a tsakiya saboda tsatsa.

Bai gama share gumi ba mai gidan burodi ya iso, wani ƙaton mutum da garin fulawa a gashin hannunsa. Duk baburan da ke raba masa burodi a garejin ake gyara su, su ne ma rabin aikin da ke shigowa. Ya dubi salansa a ƙasa, ya dubi injin.

"Gaskit kawai na ce a canja. Mene ne wannan? Burodin yamma a kaina zan ɗauka?"

"Kusa ce ta karye. Kafin la'asar za ka samu."

"Ta karye, ko an karya ta?" Ya juya ya kalli tsohon sama da ƙasa. "Na faɗa maka, ka daina barin tsohon nan yana taɓa min kaya. Wancan karon birki ya bar min a sake, yarona ya kusa shiga ƙarƙashin tirela. Wanda ya kamata a shimfiɗa wa tabarma a ba shi carbi, shi kuke ba sifana?"

Babu kalma ɗaya a ciki da Ƙarami bai faɗa wa kansa ba tun safe. Amma da ya ji su a bakin wani, sai idonsa ya rufe. Bai san lokacin da ya cakumi wuyan rigar mutumin ba.

"Ubana kake faɗa wa haka? A gabana? Lokacin da kake tallan burodi a faranti, wa ya haɗa maka keken farko?"

Tartsatsi ya shiga tsakani da ƙyar. Mai gidan burodi ya gyara rigarsa, yana huci.

"To, madalla. Ka gama min wannan. Daga shi, ko tayar babur ɗina ba za ka sake gani ba."

"Allah raka taki gona!"

Mutumin ya tafi. Tartsatsi ya girgiza kai. "Ka kori abincinka fa."

"Abincinka ne?"

Saura kusar ƙasa. Ta yi zurfi, walda ba za ta kai ba, dole sai hudawa. Ƙarami ya mayar da babur ɗin gareji, ya kwantar da shi a kan tsohuwar taya. Wannan aikin ba ya son fushi. Jikin injin ƙarfe ne mai taushi, kusar kuma mai tauri. In bakin injin huda ya zame ko kaɗan, zai ci jikin injin babur, kan injin gaba ɗaya ya tashi aiki. Ya sa tsinken ƙarfe a tsakiyar guntun, ya buga da guduma ya yi alama, ya ɗauko siririn baki ya fara hudawa a hankali.

Tsohon ya sunkuyo a kansa, ya tare masa haske.

"Ka karkace."

"Ban karkace ba, Baba."

"Ka karkace, na ce. Kawo nan ka gani."

Hannun tsohon ya sauka a kan injin hudar yana tsaka da juyawa. Bakin ya zame, ya karci jikin injin, ya yanki ɗan yatsan Ƙarami.

"Baba, don girman Allah ka tafi gida!" Muryarsa ta cika layin. "Ka tafi! Ka karya, ina gyarawa, kana neman ƙara kashewa! Me kake so da ni? Ka gama naka, ka bar ni in yi nawa!"

Gudumar mai gyaran mota da ke tsallake ta tsaya. Tartsatsi ya kashe injinsa. Tsohon ya dubi ɗansa. Sai ya je gindin famfo ya wanke hannu da garin sabulu, yatsa bayan yatsa, ya tuɓe rigar aiki ya rataye a ƙusa, ya sa hularsa ya fita.

Ƙarami ya ɗaure yatsan da tsumma ya koma kan aikin. Karcewar ba ta kai ramin ba. Ya huda da ƙaramin baki, ya canja babba, har kusar ta zama ɓawo kawai, ya tsintsinko ragowar da tsinke. Ya bi ramukan da abin gyaran zaren kusa, ya hure su, ya shafa wa sababbin kusoshi mai ya ɗaura. Ya sa gaskit, ya mayar da salansa, ya ɗaure notocin bi da bi, daidai ƙarfin hannu. Ya haɗa batir ya buga. Injin ya tashi lafiya lau, ba huci ko ta ina. Aiki ya yi kyau, amma babu wanda zai nuna wa.

Yaron gidan burodi ya zo ya karɓi babur ɗin ba ko sallama. Ƙarami ya zuba ƙasa a kan baƙin man da ya malalar, ya ja ƙofa ya kulle tun rana ba ta faɗi ba. Har yanzu zuciyarsa na tafasa. A hanya yana shirya abin da zai faɗa wa yayarsa in ta kira, don ya san labari ya riga shi isa.

A tashar bas da ke bakin titi ya hango hular. Tsohon na zaune a ƙarshen benci, hannaye a kan gwiwa. Bas ɗin unguwarsu ta tsaya a gabansa, kwandasta yana ta kiran sunan unguwar, mutane suka shiga, ta tashi. Tsohon bai motsa ba.

Mai sayar da ruwa da ke gefe ta taro Ƙarami. "Babanka ne ko? Tun azahar yake nan. Na tambaye shi inda za shi, sai dariya yake min."

Ƙarami ya raya a ransa, wato zaman fushi ne, don duk duniya ta ga ɗan da ya kori ubansa. Ya ƙarasa ya tsaya a kansa.

"Baba, me kake jira? Motoci nawa suka wuce ka?"

Tsohon ya ɗago. Babu fushi a fuskarsa ko kaɗan. Murna ce ma, irin ta wanda ya ga idon sani a baƙon gari. Ya kamo hannun rigar Ƙarami, ya rage murya kada mai ruwa ta ji.

"Yauwa, gara da ka zo. Wai wacce ce ke zuwa gidanmu?"

Wata bas ta unguwarsu ta taho tana rage gudu. Ƙarami ya sa hannu a ƙarƙashin hammatar tsohon ya ɗaga shi, ya ji ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Wannan ce, Baba," ya ce. "Taka a hankali."