Gatarin Bahago

Masassaƙin ya zaro gatari daga tulin tsofaffin ƙarafa a wani shago, ya ƙwanƙwasa shi da makulli, ya kara a kunne. Ƙarar ta fito siririya, ta daɗe ba ta mutu ba.

"Wannan shi ne ƙarfe," in ji shi. "Na yanzu gwangwani ne da fenti."

"Kai da shi duk tsoffin hannu ne, mutumina," in ji mai shagon, yana dariya.

Matar masassaƙin na tsaye a bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba. Tun da ya faɗo daga tsani kafaɗarsa ta dama ta ƙi komawa daidai. Amma mutumin, da taurin kansa, ya je ya karɓi aikin sassaƙa ginshiƙan wani tsohon gida, waɗanda mai gidan ya ce da hannu yake so. In ya kasa, surukinsa mai injin yanka katako na nan yana jira, kuma kowa ya san daga ranar babu mai sake kawo masa aiki.

Masassaƙin ya ware wani gizago mai ɗan lanƙwasa, ya ce wannan na gyaran fuskar itace ne, ba ya cin ƙarfi. Gatarin ne magana. Ya shafa kumatun gatarin: ɗaya shafe yake don ya kwanta a jikin itace, ƙotar kuma ta karkace gefe don kada yatsu su gurje. Ya nufi gungumen gwaji da ke bayan shagon.

Sara na farko ya shiga. A na biyu hannun ya tsaya a rabin hanya, gatarin ya zame ya caki ƙasa dab da ƙafarsa. Kunya ta kama shi fiye da zafin.

"Baban yara, mu tafi gida," in ji matar a hankali.

Ya yi kamar bai ji ba. "Kana da na bahago?"

Mai shagon ya dube shi, ya shiga ciki, ya fito da wani da tsatsa ta rufe. "Tun zamanin mahaifina yake nan, ko tayawa ba a taɓa yi ba. Amma kai ba bahago ba ne."

Masassaƙin ya karɓa, ya koma ɗaya gefen gungumen, ya sa hagu a gaba, dama tana tallafawa kawai. Ya sara. Ɓawon ya fito a karkace, mai kauri, irin wanda da almajirinsa ne ya fitar, da sai ya sha faɗa. Ya sake. Na biyun ma bai fi ba, amma kafaɗar ba ta ce komai ba.

Ya ɗauki ɓawon ya jujjuya shi.

"Mummuna," in ji matar.

"Ƙwarai," ya ce. "Mai shago, naɗe min gatarin, da dutsen wasa."