Maganar Kaltuma a Tagar Duniya

Shirin yana da sunansa na Faransanci, amma a Gidan Jima, wani ƙauye tsakanin Buza da Keita, Tagar Duniya ake ce masa. Wata tashar Turai ce ke haɗa shi, telebijin ta ƙasa kuma ta sake watsa shi duk Asabar bayan magariba. Da farko gajere ne, wani Bature mai sanƙo ke zama ya karanta labarai. Wajen 1991 aka tsawaita shi, aka kawo wata mace mai gajeren gashi, suka fara tura ma'aikata ƙasa-ƙasa suna ɗauko hotuna. Daga nan garin ya kamu da shi.

Tele ɗaya ce a garin, ta gwamnati mai aiki da hasken rana, tana zauren maigari Abdallah. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ke fassarawa. A nan suka ga Turawa suna harbin juna, suka ga ruwa ya tafi da gidaje a ƙasashen da ba su iya faɗin sunansu. Sukan yi salati, wani lokaci su yi dariya, su tashi suna gode wa Allah da bai ajiye su can ba.

Kaltuma ba ta cika zuwa kallo ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta Bilal kuma yana Abijan yana tallar agogo. Tana matse man gyaɗa ta sayar, da rani kuma ta bi matan gari aikin furoje, wato jera duwatsu a gangaren tudu don a tare ruwan sama. Mace ce mai baki, ba ta raga wa kowa.

A ranin 1994 wata farar mota ta tsaya gindin tudun. Ma'aikatan Tagar Duniya ne, namiji mai kamara da wata Baturiya mai tambaya, sun zo ɗaukar aikin duwatsu. Tafintarsu ita ce Jemima, Kirista ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan da ke hanyar Madawa. Ita ta yi wa Kaltuma wankin wani gyambo a ƙafa shekarar da ta wuce, shi ya sa ta nufe ta da su kai tsaye.

Baturiyar ta ce a tambayi tsohuwar wa ya koya mata ɗaukar kaya haka.

"Kakata," in ji Kaltuma. "Ita ta ɗauki abin da ya hi dutsi. Masu raƙuma na arewa su ad da ita. Ta yi musu daka, ta ɗebo musu ruwa, in kaka ta yi su zo su kwashi hatsin da sunka ga dama. Garin ga duka hakanan munka hito, har gidan maigari."

Kowa ya san haka ne, amma ba a taɓa faɗa da ƙarfi ba, balle gaban baƙo. Zulaiha, matar maigari, ta ajiye dutsenta ta ce, "Kaltuma, kama bakinki."

"Ƙarya na yi?"

Jemima ta fassara. Mai kamara ya matso.

Sai bayan damina aka nuna. Zauren ya cika har waje. Duwatsun ba su daɗe a tele ba, sai ga fuskar Kaltuma ta cika gilashin. Aka ji muryarta kaɗan, Faransanci ya hau kanta. Malamin lakwal bai fassara ba.

"Malam, muna sauraro," in ji Abdallah.

"Sun ce wannan garin bayi ne. Sun ce har yau haka ake."

"Har yau?"

"Haka matar shirin ta ce, Maigari."

Abdallah ya tashi ya kashe telen da hannunsa.

Washegari a bakin rijiya ba wadda ta amsa gaisuwar Kaltuma. Man gyaɗarta ya zauna a kwalba har ya fara wari. Ta je suna a maƙwabta, matan suka ja tabarma suka bar ta tsaye. Da maigari ya kira ta gaban dattawa, bai ce ta zauna ba.

"Yau ɗiyanmu ina za su nemi aure? A kasuwar Tamaske an tambayi ƙanena nawa aka sayar da shi."

"Maigari, ban ce har yau ba. Su sunka ƙara. Amma abin da na ce, ban janye shi."

Kafin a gama girbi Bilal ya iso, ba lokacin dawowarsa ba. Leɓensa a fashe yake. A gidan da ƴan Adar, mutanen yankinsu, ke haya a Abijan an kalli shirin, tun ranar abokan kwanansa suke kiransa bawa, har ya yi dambe da ɗaya daga cikinsu. Ya tsaya bakin ɗakinta da jaka a kafaɗa.

"Inna, mi na yi miki? Can ba wanda ya san asalina. Ke kinka kai musu shi har ɗaki."

"Asalinka ciwo ne da za a ɓoye?"

"Ke ba ki hita garin ga, ba ki san komi ba!"

Bai ci tuwonta ba. Da safe ya hau mota zuwa asibitin, ya tarar da Jemima tana raba magani a baranda, ya tsaya kanta gaban majinyata.

"Ke ce kinka sayar da uwata ga Nasara."

"Ɗan'uwa, abin da Inna ta hwaɗi shi na hwaɗi. Ban ƙara ko kalma ba. Ni ma da na ga shirin ban iya cin abinci ba."

"Kin ji Zulaiha ta ce ta yi shiru. Mi ya hana ki yin shiru ke ma?"

Ya tofa yawu kusa da takalminta, masu gadi suka fitar da shi.

Abin bai tsaya nan ba. Da sanyi wani mutum mai rawani ya zo daga Tawa cikin mota, jikan masu raƙuman nan ne. Shi ma ya ga shirin. Ya ce tunda garin ya amsa gaban duniya cewa na kakansa ne, to fadamar da suke noman albasa ma tasa ce. Ya kai ƙara wurin uban ƙasa, aka ce kowa ya ɗauke hannu daga fadamar sai an yi shari'a.

Dattawa suka zo gidan Kaltuma, Bilal na bayansu. Buƙatarsu ɗaya ce: ta je gaban uban ƙasa ta ce tsufa ne ya ruɗa ta, kakarta ba ta taɓa bauta wa kowa ba.

"In ce ni mahaukaciya ce?"

"Inna, kalma guda ce," in ji Bilal. "Ki cece mu."

Bayan sun tafi ta zauna tana tuna kakar, yadda bayanta ya tanƙware, yadda take ɓoye musu ɗan hatsi cikin tukunyar ruwa idan masu raƙuma sun iso. Ta kuma tuna albasar da ke bushewa a fadama, da gidajen da ita kaɗai ke ciyar da su da rani. Duk inda ta juya ba daɗi.

Ranar shari'a ta tsaya gaban mai rawanin, ta dube shi ido cikin ido.

"Kakanka ya mallaki kakata, gaskiya ne. Amma hwadama ita da ƴan'uwanta sunka sare ta. Ku ba ku taɓa riƙa hauya ba. In kana son gado, ka gaji zunubin."

Aka tsawata mata. Bilal ya tashi ya fice tun ba a watse ba.

Shari'ar ta ja rani biyu ba a dasa albasa ba. A ƙarshe aka bar wa garin fadamar, aka yanka wa mai rawani wani gefe don a kashe magana. Gefen ya faɗa kan gonar ƙanen maigari. Ba wanda ya ce Kaltuma ta taimaka. Asarar kawai aka ɗora mata. Bilal ya ɗauki matarsa da ke zaune a garin ya koma Abijan, ya sauya unguwa.

Da zaman garin ya gagari Kaltuma, sai ta koma bakin asibitin mishan tana soya ƙosai ga masu jinya. Jemima ce ta samo mata ɗaki, amma Kaltuma ba ta sake sakin fuska da ita ba. Takan ce wanda ya ji harshen mutane ya kamata ya san halinsu.

A 1998 aka daina shirin. A makon ƙarshe suka maimaita rahotannin da suka fi alfahari da su, har da na Gidan Jima, wanda aka ce ya ci kyauta a Turai. Wata safiya Jemima ta tsaya gaban kaskon ta faɗa mata.

"Inna, sun rufe shi. Ba za a sake nuna ki ba."

Kaltuma ta juya ƙosai cikin mai, ba ta ɗago kai ba.

"Matsa, kin tare mini masu saye."

Ta ƙara shekara guda a nan kafin ta rasu. Jemima ce ta aika Gidan Jima da labari, maigari ya turo amalanke aka ɗauke ta. An binne ta a garin, Bilal bai samu zuwa ba.