Abin da Takardar Ba Ta Ce Ba

"Ɗaga ni, Manniru. Wannan magana ba ta kwance ba ce."

Manniru ya tura hannu ƙarƙashin kafaɗar maƙwabcinsa, ya jingina shi da bango. Malam Maharazu mai gyaran rediyo ba shi da sauran nauyi, wata uku na ciwon hanta sun cinye shi. Tani, matarsa, ta cusa masa matashi a baya ta koma bakin ƙofa. An idar da azahar, ruwa yana yayyafi a kan kwano. A kan teburin aikinsa akwai rediyo shida na mutane, cikinsu a buɗe, domin tun da yaƙi ya ɓarke kowa a unguwar Sabo yake son tasa ta yi magana.

Tun safe Maharazu yake kiran mutanen layi ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, kamar yadda mai jin tafiya ta zo yakan yi. Manniru ya ɗauka tasa ba za ta daɗe ba. Shekara ashirin katanga ɗaya ta raba su, ko kan kaza ba su taɓa sa-in-sa ba.

"Na yafe, Malam, tun kafin ka tambaya."

"Kai dai akwai gaggawa. Haka kake ɗaure goro, shi ya sa yake tsutsa. Takardar Zulaihat tana nan?"

Tana nan, a ƙasan adaka. Zulaihat 'yar Manniru ce, shekararta goma sha biyar, ita kaɗai ce mace a layin da take zuwa makarantar boko a Mokola. Tun tana ƙarama take tsugunawa a zauren Maharazu tana miƙa masa dalma, har ta kai idan idonsa ya gaza ita take haɗa ƙananan wayoyin. Da ƙarshen karatu ya matso, malamin ajinsu ya tara 'yan mata gefe guda ya ce su zaɓa: ɗinki, jinya ko koyarwa. Maza ya raba wa takardar jarrabawar makarantar aikin injiniya. Zulaihat ta tsaya masa a ƙofar ofis kwana uku sai da ya wurgo mata ɗaya. Saura uba ya dangwala yatsa, a mayar kafin ranar Litinin mai zuwa.

Manniru ajami ya sani, ba boko ba. Makonni biyar da suka wuce ya kawo wa Maharazu takardar. Maharazu ya sa tabarau, ya duba gaba da baya, ya ce an rubuta maza kaɗai.

"Ba ta ce haka ba," in ji Maharazu yanzu. "Ni na ce."

Abin da ya fara zuwa wa Manniru ba fushi ba ne, muryar yarinyar ce a wancan daren, tana nuna masa layi da yatsa: Baba, wallahi babu wannan a ciki. Shi kuma ya ce mata ta fi Malam karatu ke nan? Yanzu ya tambayi kansa: da Malam ya ce masa an yarda mata su shiga, ita kuma ta ce ba a yarda ba, wa zai gaskata? Ya san amsar, bai ji daɗinta ba. Ya gaskata wanda ya faɗa masa abin da zai sauƙaƙa masa zama a majalisar masallaci.

"Wannan ba ni zan yafe ba," ya ce. "Tani, don Allah kira mini ita."

Zulaihat ta shigo da jiƙaƙƙen mayafi, ta durƙusa. "Sannu, Baffa."

"Injiniya," ya ce, sunan da yake tsokanarta da shi. "Na yi wa ubanki ƙarya a kanki."

"Na sani, Baffa."

"Shi ya sa kika daina zuwa zaure?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Me ya sa? Kai ka ce hannuna ya fi na duk wanda ka koya wa."

Maharazu ya daɗe yana neman numfashi. "Shekara tara na yi a ma'aikata ina ɗaukar wa oga akwatin kayan aiki. Ni namiji, don kawai ni Bahaushe ne, sai da suka sa na raina kaina. Na ce ke fa, mace, ke kaɗai cikin ƙarti ɗari? Na ce gara ki ji haushina da ki ji nasu." Ya yi tari, Tani ta matso da kwanon ruwa, ya ture. "Haka na gaya wa kaina. Amma tun da na kwanta nake juya ta. Akwai tausayi a ciki. Akwai kuma cewa ni ban taɓa riƙe irin wannan takarda ba."

"A yafe wa mutum, Zulai," in ji Tani daga ƙofa. "Ba a barin mara lafiya yana jira."

"Bar ta," in ji Maharazu. "Ta jira ni mako biyar."

Zulaihat ba ta dubi kowa ba sai ubanta. Manniru ya tashi, ya fita cikin ruwan, ya dawo da takardar a cikin rigarsa da 'yar kwalbar tawadar allo. Ya miƙa wa 'yarsa.

"Karanta mini. Duka. Da Hausa."

Ta karanta, layi bayan layi, har da wurin da aka ce a zo da fensir biyu. Maharazu yana gyaɗa kai, ido a rufe.

"Gobe za a ce a masallaci na tura 'yata cikin makanikai," in ji Manniru.

"Ka ce wasiyyata ce. Su zo su same ni."

Manniru ya tsoma babban yatsa, ya danna inda ta nuna masa. Ta hura wurin sau biyu, ta ninke takardar. Sannan ta matsa ta kama hannun tsohon, wanda duk tabon ƙunar dalma ne.

"Na yafe, Baffa. Duniya da lahira."

Ya matse yatsunta. Ana kiran la'asar Tani ta lura ƙirjinsa ya daina motsi.

Kafin rana ta faɗi aka gama wanka da sutura. Ruwan ya ɗauke. Mutanen Sabo suka cika layin, har da Yarbawa biyu daga Mokola da suka zo karɓar rediyo suka tarar da makara. Manniru ya tsuguna a bakin kwata da buta zai yi alwalar sallar gawa. Ya wanke hannun dama sau uku, ruwan yana gangara baƙi-baƙi, tawadar ta maƙale a gefen farcensa. Ya bar ta, ya kurkure baki.