Hanyar Raƙuma a Taswirar Baba

Motar ta ci birki inda hanya ta ƙare. Dutse dama, dutse hagu, ja wur, sama ta koma kamar zare. Kairbek ya waiga. Mashigin da suka ƙetare ɗazu ya ɓace, kogi ya cika ya yi baƙi, ruwan da aka yi a kan tsaunuka yana gangarowa.

"To, sarkin yanke," in ji matarsa Zauresh, "ina makiyayar?"

Wan Kairbek ya bi doguwar hanya da tumaki zuwa makiyayar da za su ƙaura. Shi kuwa ya loda bukkar ulunsu a mota ya faɗa kwazazzabo, don taswirar marigayi babansa ta nuna hanyar ƙaurar kakanni ta nan. Ya shimfiɗa ta a kan sitiyari.

"Ga ta! Baba ya ce gida guda ke bi da kayansa."

"A kan me, maigida? Babanka motar wa ya tuƙa?"

Sai yanzu ya duba da kyau. Layukan tudu sun matsu kamar haƙoran mataji, ɗige-ɗigen hanyar sun ratsa su tsaye. Ya ɗaga kai. Can a jikin dutse ga ta, siririya, faɗin raƙumi ɗaya.

Ruwa ya taɓa taya.

Zauresh ta sungumi salkar nonon goɗiya ta dire. "Fito, mota ba uwarka ba ce!"

Kairbek bai bi ta ba. Ya haye bayan motar yana watsi da barguna, tukwane, akwatin aurenta. A ƙasa shanirak yake, da'irar katakon da ke riƙe ƙoƙon bukka, baƙi ƙirin da hayaƙin kakanni. Shi ne auta, shi aka bar wa. In ruwa ya ci shi, gidan babansa ya mutu a hannunsa.

"Ya fi hanyar faɗi, mahaukaci!"

"Ɗaure min shi."

Ta zage shi, ta kwance ɗamararta, ta ɗaure masa shi tamau a baya. Suka kama hawa a kaikaice, ƙirji manne da dutse, katakon na lilo a kan rami. Daga ƙasa suka ji ƙarar ƙarfe, motar ta kife. Bai duba ba.

Da tafinsa ya damƙi ciyawa a sama, ya zube rub da ciki, shanirak na danne da shi.

"Kwance ni," ya ce da ƙyar.

"Zauna haka tukuna," in ji Zauresh tana haki. "Yau kai ne raƙumin."