Bishiyar da Ke Cikin Motar Mijina

Mijina yana da bishiya, kuma ya fi tattalinta a kan duk wani mai numfashi a gidanmu. Ba a tsakar gida take ba, a cikin sabuwar motarsa take, a wani ɗan allon gilashi kusa da sitiyari. Motar irin mai haɗa fetur da lantarki ce. In kana tafiya a hankali batir ke jan ta, shiru kamar mai sanɗa. In ka taka sosai sai injin ya farka ya soma shan mai. Masu ƙera ta, Allah ya shirye su, sai suka zana bishiya a allon. Ka lallaɓa motar, ganye ya tsiro kore shar. Ka taka totur, ganye ya zube.

Ni ban ƙi motar ba. Tsohuwar da muka rabu da ita ta sha mai har ta gode Allah, ga hayaƙi, ga tari kowace safiya. Na yi murna da muka huta da layin gidan mai. Ban san wani sabon aiki muka sayo wa kanmu ba.

Da farko ya hana kunna na'urar sanyi, wai tana cin batir. Muka sauke gilashi, ya ce iska na riƙe motar. Haka za mu tafi unguwa a rufe ruf, gumi na bin bayanmu, masu keke suna wuce mu suna waiwaye. Ya kwashe duk abin da ke but ɗin motar, har da lemata, wai nauyi. A ofishinsu akwai irinsa, manyan mutane da furfurarsu, kullum da yamma kowa ya ɗauki hoton bishiyarsa ya tura wa 'yan uwa a waya, a ga ta wa ta fi ganye. Ni kuwa aka hana ni tuƙi gaba ɗaya. Wai ƙafata tana da nauyi. Ni da na yi shekaru ina fama da waccan akwalar, in tura in tuƙa!

Duk wannan na shanye. Maganar Inna ce ta ƙi shanyuwa.

Inna mahaifiyata ce. Tana zaune a gidan da babanmu ya bari, a can ƙarshen wani layi mai hawa, irin hawan da ko matashi sai ya tsaya ya ja numfashi. An yi mata aiki a gwiwa. Likita ya ce duk Talata a kawo ta asibiti a motsa ƙafar, kuma ya ja kunnenmu: ban da hawa, ban da gangara, har sai ta warke, in ba haka ba ƙarshenta keken guragu. Safiyar Talata ina aji, don ni malamar firamare ce, asibitin kuma yana kan hanyar ofishin baban yara. Da bakinsa ya ce zai riƙa kai ta, ƙanena ya dawo da ita. Har yabonsa na riƙa yi a ɗakin malamai.

Sai dai gwiwar ta ƙi sauka. Duk yammacin Talata in na je sai in tarar ta kumbura suntum. In na tambaya sai Inna ta ce, "Aikin 'yan asibiti ne, 'yar nan, murɗa ta suke yi kamar wanki."

Wata Talata bututun ruwa ya fashe a makarantarmu, azuzuwa suka cika, aka sallami yara tun da safe. Na ce bari in tari tasi in same su a gidan Inna mu tafi asibiti tare, yau dai in ji da kunnena abin da ake cewa. Mai tasi ya ajiye ni a bakin layinsu Inna. A nan na ga motarmu a fake a gindin hawan, cikin inuwa, baban yara a tsaye yana goge madubin gefe da hankici.

"Malama, lafiya? Ba ki aji?"

"Ina Inna?"

Ya nuna sama da haɓa. "Ga ta nan saukowa."

Na ɗaga kai. Can tsakiyar gangaren na hango ta. Da baya take saukowa, ta juya wa titi baya, hannu ɗaya dafe da katangar mutane, ɗayan riƙe da sanda da takalmanta. Ta sauke ƙafa mai lafiyar, ta tsaya, sannan ta jawo ɗayar.

"Tun yaushe kake jiran ta a nan?"

"Ai ita ta ce in riƙa tsayawa a ƙasa."

"Ita ta ce?"

"Wallahi ita ta ce. Ranar farko na hau har ƙofar gida. Ina nuna mata yadda motar ke aiki, sai ta ga ganyen ya zube, ta tambaya, na ce hawan nan ne. Shi ne ta ce kar in ƙara wahalar da motar, ita ma tana son ta ɗan miƙe ƙafa."

"Kai kuma ka ce to."

"To me zan ce? In yi musu da surukata?"

Ka ji fa. Mutumin da ke musu da mai gyaran taya a kan iska, yau shi ne mai kunyar musu. Ya san Inna sarai. Matar da ko ruwa ba ta iya sha a gabansa, wadda in ya shigo gaishe ta sai ta rasa inda za ta sa idonta. In ka nuna wa irin wannan cewa ta jawo maka asarar ko da ganyen zane ne, ai ka gama korar ta daga motarka. Ya sani, ya ga hanya ta buɗe, ya bi abinsa.

Makullin yana ajiye a cikin motar, a wurin sa kofi. Na shiga, na ja ƙofa, na taka totur har ƙasa. Injin da ya yi watanni ana lallashinsa ya yi wata irin kururuwa, ganye ya shiga zuba, ni kuwa ko a jikina. Ta madubi na hango shi yana ɗaga hankici yana kiran sunana.

Na juyo a ƙofar gida, na gangaro na tsaya daidai inda Inna take. Gumi ya jiƙa mata mayafi. Na kama ta na sa a gaba, na kunna sanyi har ƙarshe. Ba ta tambayi yadda aka yi na zo ba. Allon ta zuba wa ido.

"Wayyo, 'yar nan, kin tsige masa bishiya. Sauke ni in ƙarasa, saura kaɗan."

"Inna, zane ne! Zane ne a gilashi!"

"Na sani. Amma yana son abinsa."

Hawaye suka zo mini, na haɗiye su don ina tuƙi. Ashe gangara cika batir take yi, muna sauka ganyen na dawowa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi, ba zai ma gane ba." Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Muka wuce shi a gindin hawan, ban ko rage gudu ba.

A asibiti ma'aikaciyar da ke motsa mata ƙafa ta taɓa gwiwar ta dube ni a fusace. Ta ce aikin yana neman lalacewa, ta rasa dalili, ko akwai matakala a gidan? Inna ta yi caraf ta ce ita ce da ƙiriniya, ba ta iya zama wuri ɗaya. Ni na faɗi gaskiya tiryan-tiryan. Matar ta ce akwai sauran dama, amma in aka ƙara ko sau ɗaya, mu fara neman keken.

Na mai da Inna har bakin ɗakinta, na sa mata ƙanƙara a gwiwa, na jira barci ya ɗauke ta. Da na fito, bishiyar ta koma sanda tsirara saboda hawan. Na gyara wa motar tsayuwa a ƙofar gidan, na kulle ta, na gangaro da ƙafa don in ji abin da Inna ke ji. Da lafiyayyun gwiwoyina, kafin in kai ƙasa cinyoyina rawa suke.

Da yamma ya dawo daga ofis a tasi, ya tarar da garejin wayam. Ya shigo kicin yana muzurai.

"Ina motar?"

Na ɗora masa makullin a tafin hannu. "Tana ƙofar gidan Inna."

"A sama? To wa zai..."

"Kai. Mai tasi ya ajiye ka a gindin hawan, inda ka saba tsayawa, ka ƙarasa da ƙafa. In ka isa ka shiga ka gaishe ta, ka ce ta buɗe maka gwiwar ka gani da idonka. Daga yau Talata tawa ce, ni da motar, na riga na nemi canjin aji."

Ya dubi takalmansa na ofis masu santsi, ya dube ni, ya ga babu wurin roƙo. Har ya kai ƙofa na kira shi.

"Baban yara. In za ka ga yadda take yi, in ka kai tsakiya ka cire takalman ka riƙe a hannu."