Ƙishirwar Yaya

Duk shekarun da Gora ya yi yana tseren keke a ƙungiyar ƙwararru, ko cokali bai taɓa ci ba. Ba ƙarfi ya rasa ba, aikin nasa ne haka. Ya koma baya wurin motar ƙungiya, ya cusa gorunan ruwa a riga har ya yi ƙusumbi, ya raba wa 'yan ƙungiyarsu, ya tare wa ogan 'yan tserensu iska, in an hango layin ƙarshe ya kauce oga ya wuce. Can ya samo sunan.

Da mota ta buge shi aka yanke masa ƙafar hagu, sai ya koma keken da ake murzawa da hannu. Yanzu kansa yake wa tsere, amma hali ya ƙi sakinsa. A tseren farko ya rage gudu ya miƙa wa abokin hamayya ruwa. A na biyu ya tare wa wani iska har bakin layi, mutumin ya wuce yana ta godiya.

Koci ya ce, “In ba ka ci na gaba ba, wani zan ba keken.”

Hankalin Gora ya tashi, don keken nan ne ya fito da shi daga ɗaki bayan asibiti. Yayarsa, wadda ta yi jinyarsa, ta ce sai ta je ta gani da idonta.

Ranar tsere Gora ya ba kowa rata. Yana hango layi sai ya rage gudu. Ya raɓe gefe yana waiwaye, wai jiran oga yake. Ga na baya sun taho. Koci ya cire hula ya cije ta.

Can bayan layi Yaya ta zube ƙasa ta dafe maƙogwaro.

“Gora! Ƙishirwa! Wayyo, zan mutu!”

Ai bai san lokacin da ya murza ba. Ya tsallake layi kamar an harbo shi, ya ci birki a gabanta yana haki.

“Ungo, Yaya, sha a hankali.”

Ta miƙe ta kakkaɓe zani, ko kurɓa ba ta yi ba.

“Wa ya ci?” ya tambaya.

“Kai mana, sakarai.”

Ya dubi layin, ya dube ta, hawaye suka zubo masa.

“To Yaya, in mutum ya ci, me ake yi?”